Farfesa Ya Taɓo Golmo

Talata da dare, Zuru

Kaina kamar zai tsage. Farfesan tauhidin da ƙungiyarmu ta bishara ta gayyato daga Turai ya tsaya gaban dattawan ikilisiya ya ce golmo bauta ce, irin ta bayi. Noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, wai bauta! Ni ke fassara, sai na sassauta maganar. Na manta Baba Audu, ɗaya daga cikin dattawan, tsohon soja ne, yana jin Turanci.

Ya ce, "Ɗana, faɗi abin da ya faɗa."

Na faɗa. Dattawa suka ɗauki hulunansu suka fice.

Yanzu Farfesa yana tambayata me ya faru. Da babana bai yi golmo ba, wa zai fassara masa?