Malfar Baba

Kafanchan, 9 ga Nuwamba

Ƙanwata Patricia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Ibadan, yaya aikin bincike? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ki. Matata Lucia tana gaishe ki.

Kin ce in rubuta miki halin Mama ba ƙari ba ragi, to ga shi. Wata uku ke nan da na ɗauko ta daga Fadan Kagoma. Kowace safiya takan dama kunu, ta zuba a kofi biyu, ta tambayi ina Baba. Ni kuma in gaya mata gaskiya, Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce. Sai ta ɗora hannu a ka ta yi ta kuka kamar yau aka binne shi, ta ƙi abinci har yamma. Washegari ta manta, mu sake. Na ƙirga, sau tamanin da ɗaya na kashe mata miji. Rigunanta duk sun yi mata yawa.

Lucia ta ce in riƙa cewa ya tafi gona. Ni dattijon ikkilisiya ne, shekara goma sha tara ina horon ɗalibai a kan ƙarya. Ba a kan uwata zan fara ba.

Na karanta takardu ukun da kika aiko a kan firi enaji. Ta farko ai ita nake koyarwa a ajin fizik: ragowar ƙarfin da zai iya yin aiki, kuma kowane abu yana bin inda ƙarfin nan zai ragu, kamar ruwa da gangare. Taku ta furotin ma na gane. Zaren furotin, sinadarin nan da ke gina jiki, yana naɗe kansa har ya sami zaman da ya fi masa sauƙi, waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwar Mama kuwa sun naɗu ba daidai ba, sun dunƙule. Amma ta ukun, wai ƙwaƙwalwa ma haka take, kullum tana hasashen abin da zai zo don gudun ba-zata, haba! Sunanmu na fizik kawai aka ara aka liƙa. Ku masana ba ku da kunya.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Yayanki,
Ezekiyel

Kafanchan, 28 ga Nuwamba

Patricia,

Ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya aiki? Mu nan da godiya.

Na sake karanta takardar da na zaga. Ta ce idan abin da ƙwaƙwalwa take tsammani ya saɓa da abin da ido ya gani, hanya biyu ce: ko ta sake tunani, ko a sake mata duniya ta dace da tunanin. Mama ba ta iya riƙe sabon abu ko na minti goma. Ashe ƙofar da aka toshe nake ta bugawa.

Don haka na yi gwaji, kuma ba ƙarya a ciki. Na je ƙauye na karɓo buhun ɗanyar citta a wurin Kawu Levi, na haɗo da wuƙar Mama da kujerarta 'yar tsugunno. Tana ganin cittar ta zauna ta fara tsagawa, hannun bai manta komai ba. Ni kuma na kwashi wadda ta tsaga zan shanya a bayan gida. Rana ta yi zafi, sai na jawo malfar da ke cikin kayan na kifa a kai, ban ma lura ta Baba ce ba.

Ta ɗago ta ce da ni Azariya, sunan Baba, ta hau ni da faɗa da yarenmu wai kullum sai na shanya citta da kauri, za ta yi fumfuna. Daga nan ta miƙo mini kofi na biyu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na dai sha. Ranar ta cinye tuwonta har da ƙari.

Lucia ta ce shiruna ya fi ƙaryarta girma.

Naki,
Ezekiyel

Kafanchan, 19 ga Disamba

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Na ji kina tafe ran ashirin da uku, Allah ya kawo ki lafiya. Ki sauka a tasha, zan zo da mashin.

Ga sakamako, tunda ku da lamba kuke yarda. Kwana ashirin da ɗaya ba kuka. Ta ƙara kilo biyu. Buhu na uku muke tsagawa, har maƙwabta sun ɗauka sana'a muka buɗe. Kafin in tafi makaranta nakan sa malfa in sha kunu, in na dawo in sake sawa tun daga bakin ƙofa. Idan na cire, kallon baƙo take yi mini, ta gyara ɗankwali.

Abu ɗaya ne takardar ba ta faɗa ba, amma ni da nake koyar da fizik bai kamata in manta ba. Ba a gyara wuri ɗaya sai wani wurin ya ɓaci.

Jiya muna shanya ta ce akwai abin da yake ci mata rai. Wai Patricia takan buga waya, amma Ezekiyel tun da ya zama malami ya manta da mu, ko leƙowa ba ya yi, alhali Kafanchan ga ta nan kusa. Ta tambaye ni ko mun yi masa wani laifi ne. Na ce aikin makaranta ne ya riƙe shi, zai zo. Wannan ita ce ƙaryata ta farko, kuma da baki na yi ta, ba da shiru ba. Ta ce ba komai, in dai yana cin abinci.

Ya yi mini zafi, Patricia. Sai da na shiga ɗaki na zauna kaɗan. Amma ta ci tuwo, don haka gwaji zai ci gaba.

Roƙo biyu gare ki. Idan kin iso, kada ki kira ni da sunana a gabanta. Sa'an nan ki ce mata kin biyo ta wurin Ezekiyel, kin same shi lafiya, yana cin abinci, kuma ya ce a gaishe ta ƙwarai.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Yayanki,
Ezekiyel