Farin da ke Bakin Yaya Kalilu

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara can Agadas. Allah shi ƙara muku lafiya. Mu nan Tozai sai godiya, gero ya fid da kai, ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Ran Talata da safe, raɓa ba ta ko bushe ba, na iske Yaya Kalilu zaune bakin garke, balbelu na sauka bayan shanu kamar an watsa auduga. Ya yi hamma, sai na hangi fari fat a harshensa da cikin kumatu. Na ɗauka nono ne, tunda mutum ne da ba ya rabo da ƙwarya. Amma na tsaya ina kallo. Ya kurkure baki, ya goga asawaki, farin ya ɗan tashi, ya bar wurin ja yana tsattsafar da jini. Gefen bakin ma ya tsage. Sai na tuna ya daɗe bai taɓa goro ba, yaji kuwa ko a miya ba ya so.

Kin san yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Tun farkon damina ya bar karɓo maganinsa a asibitin garin Isa, wai ya ji ƙarfi, hanya kuma ba daɗi. Kawu Usmanu, da bai san komai ba, ya ce beli ne ya sauko, ya kira wanzami ya zo ran Juma'a ya yanke. Na tafi Isa na tambayi ma'aikaciyar asibiti, ban faɗi suna ba. Ta ce in garkuwa ta yi rauni, sau da yawa baki ke fara nunawa. Ta ce wannan ba aikin aska ba ne, a kawo shi a duba, akwai magani, kuma ya koma shan ƙwayoyinsa.

Na faɗa wa Yaya Kalilu, murmushi kawai ya yi yana kallon shanu. Yaya, ke kika goya shi, maganarki yake ji. Don Allah ki kira shi kafin Juma'a, ni za ni kai shi a babur.

Ki gaishe da Amiru da Khairat. Kuma kada ki ce idona ne ya ruɗe ni. Matarsa Ikilima na tsaye da ƙwaryar tatsa, ta gani, ita ce ma ta gaya min a safiyar Talatar nan ko kurɓin nono bai yi ba.

Ƙanenki,
Zayyanu