Faransancin Malam Isuhu

Zuwa ga Shugaban sakandaren da ɗiyata Nusaiba take karatu, a nan ƙasar Sabon Birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da malamanka, na rubuto ne da 'yan tambayoyi. Na sa su a fili saboda ba ni kaɗai suka shafa ba.

Nusaiba ɗiyar ƙanena ce, ni ke riƙonta. Da ta shiga aji huɗu aka ba su takardar zaɓen darussa, aka ce kowa ta ɗauki ɗaya cikin uku: Larabci, Adabin Hausa, ko Faransanci. Ta ɗauki Faransanci. Mahaifinta fatauci yake yi ta Burkusuma zuwa Nijar, kuma tun tana ƙarama take ganin yana dawowa da takardun kan iyaka da ya dangwala wa yatsa bai san abin da ke ciki ba. Burinta ta karanta masa su, ta kuma ci gaba da harshen har jami'a. Na ga dalilin ya fi wanda ya kai ni jami'ar ƙarfi, sai na amince.

1. Makon jiya na buɗe littafinta na Faransanci, na zango biyu cur. Ga abin da na tarar an rubuta da kyakkyawan rubutu, an kuma yi maki da jan biro: lakwal, wato makaranta; mushe, wato malami; jandarma, wato ɗan sanda; duwan, wato kwastan. Ranka ya daɗe, wannan Hausar Maraɗi ce. Kakarta ma ta iya ta, kuma ba ta taɓa zama a aji ba. Daga shafi na goma sha wani abu kuwa, sai nahawun Larabci ya shigo, ya zauna har ƙarshen littafin.

2. Na je na gaida malamin darasin, Malam Isuhu. Dattijo ne mai gaskiya, bai ɓoye mini komai ba. Larabci aka ɗauke shi ya koyar, kuma shi ya sani. An haife shi a ƙetaren iyaka, amma bai taɓa shiga lakwal ba. Ya ce ranar rabon darussa da aka zo kan Faransanci aka rasa mai ɗauka, sai wani ya tuna cewa ai akwai mutumin Faransa a cikin malamai. Kunyar manya ta hana shi musu.

A nan ne abin ya fara ba ni sha'awa. Duk wanda ya tashi a Gobir ya san cewa idan muka ce mutum ya tafi Faransa, Nijar muke nufi, tafiyar da babur ke yi kafin azahar. Ban taɓa zaton wannan kalma tamu ta kasuwa za ta shiga ofis ta raba darasi ba. Ina son in sani: a taron nan, babu wanda ya tambayi Malam ko ya iya harshen? Ko an tambaya, an ga amsar za ta ɓata jadawali?

3. Su waye suka tsara jarrabawar da Nusaiba ta ci da maki mai yawa a zangon da ya wuce, kuma da wane harshe? Masu jarrabawar fita sakandare dai ba su san Hausar Maraɗi ba.

4. An sanar da mu cewa ranar Alhamis za a rufe canjin darasi. Bayan nan, abin da yarinya ta zaɓa shi za ta rubuta a jarrabawar ƙarshe. Takardar tabbatarwa tana hannuna. In na sa hannu a kan Faransanci, na tura ta jarrabawar harshen da ba a koya mata ba. In na canza mata, na raba ta da abu ɗaya da ta zaɓa da kanta a makarantar nan. Ita kam ta ce ba za ta canza ba, don har yanzu tana ganin ta kusa iyawa. Ban samu ƙarfin halin gaya mata ba tukuna.

Roƙona uku ne. A nemi malamin Faransanci na gaskiya, ko da cikin masu bautar ƙasa ne, a kuma faɗa mana ko akwai ran samunsa. In babu, a tara yaran da iyayensu kafin Alhamis a gaya musu, a ba su damar sake zaɓe. Sannan kada a ɗora wa Malam Isuhu laifi, a mai da shi ga Larabcinsa, inda ɗalibai ke yabonsa.

Za ni zo ofishinka ranar Laraba da safe tare da Nusaiba, da takardar ba sa hannu. Na fi son ta ji amsar daga bakinka.

Allah Ya taya ka riƙon wannan amana, Ya ba ka lafiya da mataimaka masu faɗa maka gaskiya.

Wassalam.

Hajara Abdu,
Gwaggon Nusaiba, Sabon Birni.