Jan Ƙyallen da Na Ara

Malam, maigidana,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda ta yi kewa. Na san ba za ka karanta ba, ko da yake da ajamin da ka koya mini nake rubutawa.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a Falanko bana, kuma ɗiyarmu Ladi ta fara tallar fura. An ɗauki wani sabon gardi a madadinka a filin jirgin sama, har rediyo aka ba shi yana magana da matuƙan jirgi. Sai bayan ka mutu suka tuna da rediyo!

Kai ƙyalle biyu kawai suka ba ka. Fari, jirgi ya sauka. Ja, kada ya sauka. Ranar nan jirgin feshin fara ya mace a tsakiyar fili, ga wani ya taso daga Damagaram yana neman sauka. Ka ruga bukka neman jan, babu. Ka tuɓe rigarka ka shiga fili da gudu kana kaɗa ta. Wayyo Malam, a ruɗen nan ka manta rigarka fara ce? Matuƙin ya ga fari, ya sauka. Jirgi ya hau jirgi, kai kana tsakani.

Jandarma suka rubuta cewa gardi ne ya yi sakaci. Har yau a kasuwar Tanut ana ce wa Ladi ɗiyar wanda ya kashe mutane. Ta daina musu, sai ta sunkuyar da kai.

Malam, ni na ɗauki jan ƙyallen. Suna ake yi gidan maƙwabta, ɗankwalina ya kece, na ce ai yau ba ranar jirgi ba ce, kafin la'asar na mayar. Yana kaina lokacin da muka ji ƙarar. Da aka zo bincike na cusa shi ƙasan akwati na yi gum. Tsoro na ji. Shekara uku kana ɗauke da laifina a kabari, wace irin mata ce ni?

Gobe da hantsi zan kai jan ƙyallen wurin jandarma, Ladi tana biye da ni, ta ji da kunnenta. In ɗauri ne, su ɗaure. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne idon da za ta dube ni da shi.

Ka yafe mini in za ka iya. Allah ya haskaka makwancinka.

Matarka Hajo, wadda ta ara ba ta mayar ba.