Rasuwar Alhaji Habeeb Maizane, Uban Maƙeran Farin Funtua

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Maƙeran Fari da Masu Zanen Ƙarfe ta shiyyar Funtua da Malumfashi, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Abdussamad Dayi, ta samu labarin rasuwar ubanta, ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ta, kuma wanda ya fi kowa ficewa daga taronta cikin fushi ya dawo daidai lokacin da ake sauke abinci, wato Alhaji Habeeb Maizane, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin da hantsi a gidansa da ke Funtua bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da 'yan kai. An sallace shi bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

An haifi marigayin a nan Funtua, a gidan fataken atamfa da suka zo daga Ogbomosho tun zamanin da auduga ke tashe. Tun yana saurayi ya ƙi zaman shagon mahaifinsa, ya tare a wata maƙerar fari a Malumfashi, inda ya koyi narka azurfa da tagulla, da ƙera zobe da awarwaro da sarƙa da 'yan kunne, kafin Allah Ya buɗa masa baiwar zane a jikin ƙarfe, wadda ta ba shi sunan da ya binne na gidansu. Daga Tsiga zuwa Dayi, har can Matazu, da wuya a buɗe adakar wata uwargida ba a tarar da aikin hannunsa ba. Duk kaka, idan manoma suka sayar da masara da waken suya aka shiga hidimar aure, ƙofar shagonsa kan cika da iyayen amare, wasu sun zo kawo aiki, wasu sun zo karɓa, da yawa kuma sun zo neman a yi musu bayanin abin da suka karɓa.

Ƙungiya ba za ta ɓoye wa jama'a abin da kowa ya sani ba: Alhaji, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa yarda cewa mai kaya ya san abin da yake so ba. Wani babban manomi daga Tsiga ya taɓa kai masa zoben azurfa ya ce a zana masa wata da tauraro. Marigayin ya kama hannunsa, ya juya shi gaba da baya, ya ce, “Malam, wannan hannun ba na tauraro ba ne, na masara ne,” ya kuma zana masa zangarniyar masara har da gashinta. Manomin ya kawo ƙara gaban ƙungiya, muka zauna muka ba shi gaskiya, amma da aka ce ya ciro zoben a goge zanen sai ya ce a bari tukuna, kuma da zoben a yatsansa ya zo jana'iza. Haka nan marigayin ba ya iya ganin ƙarfe fili ya ɗauke ido. Kwaɗon ofishinmu bai tsira ba, farantin shayin ƙungiya bai tsira ba. Mai girma Shugaba ya taɓa jingine babur ɗinsa a ƙofar shagon ya shiga masallaci, ya fito ya tarar da furen auduga ya zagaye tankin mai; bai yi wa Alhaji magana ba sai da damina ta wuce, ko da yake da ɓarayi suka sace babur ɗin daga baya, a bakin hanyar Bakori suka yar da shi, domin babu inda za a kai shi ba a ce na Alhaji Abdussamad ba ne. Shi kansa mai sanya hannu a wannan sanarwa ya ba marigayin aikin hatimin ofishinsa, ya ce a rubuta “Kakaki” kawai, sai ya samu hoton zakara ya miƙe wuya yana cara, tare da bayanin cewa aikin duk ɗaya ne.

Ba za a yi maganar rayuwar Alhaji Habeeb ba a tsallake Mataimakin Shugaban wannan ƙungiya, Mista Marcellinus, wanda shi ma haifaffen Funtua ne, kuma shagonsa na kallon na marigayin, titi kawai ya raba su. Tun ranar da Mista Marcellinus ya kawo injin zane mai aiki da kwamfuta, ya ajiye aikin hannu, gardama ta ƙullu tsakaninsu wadda ƙungiya ta gaji da sasantawa ta koma saurare. Kullum da safe marigayin kan leƙo ya ɗaga murya ya ce, “Oga Marcel, an kawo wuta kuwa, ko yau ma gwaninta tana hutu?” shi kuma ya amsa masa da cewa, “Baba Alhaji, nawa injin dai yana jin maganar kwastoma.” Bayan haka sai su zauna a benci ɗaya su ci ƙosai, kuma babu Sallar da nama bai tsallaka titin nan ba, babu Kirsimetin da shinkafar Madam Bridget, matar Mista Marcellinus, ba ta tsallako ba.

Muna neman afuwar iyalai da jama'a kan jinkirin fitar da wannan sanarwa, wanda ya faru ne saboda wani al'amari da ya taso. Lokacin da ajali ya riski marigayin, akwai aiki a kan teburinsa: kayan adon amarya Nana Khadija, jikar Hajiya Hajo ta Dayi, waɗanda ake ƙerawa da tsofaffin mundayen azurfa da Hajiyar ta gada daga mahaifiyarta, aka riga aka narka su, babu halin a mayar mata da abinta yadda ta kawo. Sarƙa ta kammala, ɗan kunne ɗaya ya kammala, ɗayan kuwa ko ɗigo ba a yi masa ba, ga ɗaurin aure ranar Asabar. Hajiya Hajo ta zo ta'aziyya, ta yi addu'a mai tsawo, ta share hawaye, sannan ta dubi Shugaba ta ce, “Alhaji, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. To, kunnen jikata ɗaya fa?”

Ƙungiya ta kira taron gaggawa, aka zagaya da ɗan kunnen hannu zuwa hannu. Furen wake ne da yaɗonsa, siriri kamar an ja shi da gashin ido. Cikin girmamawa muke shaida cewa a wannan zama manyan gwanayenmu suka tuna da cututtukan da ba su taɓa ambata ba: wani ya ce idonsa na hazo, wani ya ce sanyin ƙashi ya sauko masa a wuyan hannu, wani kuma aka kira shi a waya, alhali duk mun ga wayar tasa a kashe take. Mista Marcellinus ne ya ɗauki aikin. An kuwa kawo wuta a ranar. Ya ɗauki hoton zanen, ya gwada shi da inji a kan guntun tagulla, abin ya fito kamar inda kaji suka yi tono. Sai ya rufe injin da ƙyalle, ya tsallaka titi, ya nemi izinin uwargidan marigayin, Hajiya Yewande, ya zauna a kan kujerar abokin gardamarsa, ya ɗauki kurfin marigayin, ɗan ƙarfen nan mai tsini da yake zane da shi, ya shiga aikin da rabonsa da shi tun gashin kansa yana baƙi. Ya yanke babban yatsa, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba, kuma waɗanda suka leƙa sun ce yana yi yana faɗa da marigayin a kan kowane lanƙwasa, yana share ido da kafaɗa.

Ranar Juma'a aka kai wa Hajiya Hajo kaya. Gaskiya ita ce 'yan kunnen ba su zo daidai ba, furen Mista Marcellinus ya ɗan karkace kamar iska ta kaɗa shi, kuma shi da bakinsa ya nuna mata wurin. Hajiya ta ɗaga su a rana, ta daɗe tana dubawa, ta ce, “Ɗan nan, ai akwai kai a tsakaninsu, ga kuma mayafi. Allah Ya yi maka albarka.” An ɗaura aure, amarya ta tare da kunnuwanta biyu a cike. Mista Marcellinus ya nemi a sanar da jama'a cewa wannan ba ya nufin ya sallama a gardamar inji, kuma mun sanar.

A madadin Shugaba, da 'yan majalisar zartarwa, da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Yewande, da babban ɗan marigayin, Malam Quadri, da 'yarsa Malama Raudatu, da jikoki da dangi na nan da na Ogbomosho, da al'ummar Funtua da Malumfashi baki ɗaya, muna roƙon Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya albarkaci bayansa. Muna kuma roƙon duk wanda ya taɓa kai wa marigayin aiki ya ce kaza ya samu kaza, ya dubi Allah ya yafe masa.

A ƙarshe, mambobi da dama sun nuna sha'awar ƙera allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa a kafa a kabarinsa, har an fara jayayya kan wanda zai zana. Iyalai sun sanar da mu cewa marigayin ya bar wasiyya a kan haka tun yana asibiti, inda ya ce wa Malam Quadri, “Kada ka bari ɗayansu ya yi mini allo. Ba zan kwanta ƙarƙashin kuskure ina ji ina gani babu halin in tashi in gyara ba.” Majalisar zartarwa ta zauna a kan wannan magana, kowa ya dubi hannunsa, aka amince da ita ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba.

Allah Ya gafarta wa Alhaji Habeeb Maizane, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Sa hannu:
Malam Zainulabidin Awaisu Tsiga
Kakakin Ƙungiyar Maƙeran Fari da Masu Zanen Ƙarfe
Shiyyar Funtua da Malumfashi, Jihar Katsina