Nonon Dada Mabruka

Safaƙus, ranar Talata

Yayana Hatim,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, sanyin gidan yari bai tayar maka da ciwon ƙirjin nan ba. Umma da sauƙi, sai dai har yau ba ta ambaton sunanka.

Maganar ɗanka Ziyad ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bidiyon da abokanka suka ɗauka ranar da kuka far wa baƙaƙen fata a kasuwa, shi yake kallo safe da yamma. Wai "fim ɗin Baba". Jiya malaminsu ya kira ni, ya ce Ziyad ya kira wani yaro baƙar fata wasif, wato bawa. Ga abokan naka sun fara zuwa ɗaukarsa a babur. Tsoro nake ji, Yaya.

A kotu ka ce ka zaci baƙon haure ne mutumin da ka fasa wa ido. To ko baƙon ne, ba mutum ba ne? Ka dai ji sunansa: Salim, ɗan Dada Mabruka, wadda ta shayar da kai lokacin da Umma ta kwanta jinya, kafin su koma garin Gabis. Nono ɗaya kuka sha. Ɗan'uwanka ne, ƙanwarsa ma ba ta auruwa gare ka.

Alhamis zan kawo Ziyad. Ni ba ya jin maganata, ka faɗa masa gaskiya da bakinka.

Ƙanwarka,
Wisal

Safaƙus, ranar Lahadi

Yaya Hatim,

Sallama da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki? Na ga ka rame, ka riƙa cin abinci.

Ziyad bai taɓa ganin kukanka ba sai ranar Alhamis, da kake ba shi labarin Dada Mabruka. A mota muna dawowa ya ce, "Gwaggo, da gaske kakata ce?"

Juma'a muka je Gabis. Dada ta tsufa sosai. Ta riƙe fuskar Ziyad ta ce, "Kai, ga kunnuwan Hatim nan kamar marfin tukunya! Ubanka ya cije ni ba adadi." Tana dariya tana hawaye.

Ana zuba kuskus Salim ya shigo, ido a ɗaure. Ziyad ya miƙe ya ce, "Baffa, Baba ya ce in roƙe ka gafara."

Ba zan yi maka ƙarya ba, bai yafe ba. Ya ce wannan tsakaninku ne, ba a aiko yaro. Ya daɗe yana kallon Ziyad da idon da ya rage masa. Sannan ya matsa gefe ya ce, "Wanke hannu ka zo, abinci na hucewa."

Ɗanka ya zauna kusa da shi ya ci.

Ina gaishe ka, ina yi maka addu'a.

Ƙanwarka,
Wisal