Kada Ki Goge Tsohuwar Wayarki

Mpape, Abuja
9 ga Maris

Zuwa ga autata Mashkura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Muktar da jikata Amatullahi, kuma sanyin Gembu bai takura muku ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a aikinki na asibiti. Mu nan kalau muke, sai ƙafar Babanku da ke tashi in ya hawo tudu. Yayarki Rabi'atu ta sauka lafiya, an samu namiji. Kwana tara ke nan ina kiranki ba ya shiga, shi ya sa na rubuta da hannuna, zan ba Yamusa direba da ke kawo ayaba Zuba daga wajenku.

Auta, ran da muka yi magana kin ce kin sayi sabuwar waya, za ki goge tsohuwar ki ba ƙanwar mijinki. Don Allah kada ki taɓa komai a cikinta. Ga dalili.

Wata makarantar kwana a Kubwa ta ɗanɗana bandar kifina, suna so in riƙa kai musu duk mako. Amma sun ce sai na kawo takardar shaidar biyan haraji kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba su ba wani. Na je wurin Nabilah, 'yar maƙwabciyarmu da ta karanci akanta. Ta ce haraji a kan riba yake, ba a kan duk abin da ya shigo hannu ba. Kuɗin ɗanyen kifi, da itace, da mota, da hayar rumfa, duk ana cirewa, amma sai da shaida ta shekara uku. In babu, ƙiyasi za a yi min, kuma ba lallai a gama a watan nan ba. Na ce mata in dai rasit ne ta kwantar da hankalinta, ko ɗaya ban taɓa yarwa ba.

Kin san babban gwangwanin nan da nake tara su. Na ɗora shi a katangar da ke jikin murhun banda don kada danshi ya shiga. Da muka buɗe, Auta, duk sun yi baƙi ƙirin, wasu kuma fari fat kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Ashe takardar da inji ke fitarwa ba tawada gare ta ba, zafi ke rubuta ta, zafi kuma ke cinye ta. Nabilah ta ce wai har rasit na yi wa banda, Babanku ya ce saura a barbaɗa yaji. Su suka yi dariyarsu, ni tun ranar abinci ba ya min daɗi.

Ina cikin wanke kifi na tuna. Kafin in gama makarantar manya, ai kowane rasit sai na ɗauki hotonsa na tura miki ki karanta min. Wayata ta wancan lokacin ta faɗa baho bara, ta mutu. Taki kaɗai ta rage.

Akwai kuma abin da zan faɗa miki. Tun da na iya karatu na daina turo miki, shekara ɗaya da wata biyu ke nan. Da kika tambaya na ce ciniki ne ya ja baya. Ba haka ba ne, so nake a ga na tsaya da ƙafata. Rasit ɗin waɗannan watanni yanzu a kasuwar kifi ta Kado nake nemansu. Oga Nathan da ke sayar min da tarwaɗa ya ce ba damuwa Mama, yana da littafi, amma da idona na ga matarsa tana yagar tsohon tana ƙulle wa mutane kayan miya.

Nabilah ta sa na buɗe wa banda asusu daban da na cefane, kuma duk rasit a yi masa hoto ranar da aka karɓa. Ki gaya wa Muktar ya yi haka a shagonsa na magani.

Yamusa zai juyo ranar Alhamis. Ki naɗe wayar a zane ki ba shi hannu da hannu, har da cajarta. In kuma kin riga kin goge, ki faɗa min kai tsaye, kada ki ɓoye don tausayi. Shugabar makarantar Kubwa ta kira ni jiya, na ce mata takarda tana hanya. Ki taimake ni kada in zama maƙaryaciya da furfurata.

Ki gaishe da Muktar da surukarki Hajiya Muhibba, ki shafa min kan Amatullahi. Babanku da Rabi'atu da yayanki Zulkifilu suna gaishe ku. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki mai jiran Alhamis,
Iyatu